Bencin Prudence Ketteridge

A ƙauyenmu Eddlesham in ka ga mutum da jaka a goye da takalmin tattaki, ya tsaya a bakin coci yana ɗaga kai sama kamar kaza ta sha ruwa, to ba namu ba ne. Namu ba sa kallon cocin. Sun buɗe ido sun gan shi a wurin, yadda kakannin kakanninsu suka gan shi, kuma ba sa taka ƙofarsa sai in aure ya kama ko an yi mutuwa. Baƙi kuwa da rana ta ɗan leƙo za ka ga sun yi dafifi, wasu da keke, wasu da mota. A shiga a yi ta raɗa-raɗa sai ka ce an zo duba mara lafiya, a ɗauki hoton rufi, a ɗauki hoton taga, a fita babu wanda ya ce ko amin.

Makullin cocin yana hannun Misis Prudence Ketteridge, wata doguwar tsohuwa mai tafiya kamar ta haɗiyi taɓarya. Ita ke buɗewa, ita ke rufewa, ita ke raba wa matan gari makon da kowacce za ta kawo furanni, ita ke kuma sake jera furannin bayan sun tafi, wai ba su iya ba. Baƙi kam ta raina su matuƙa, kuma ni ban ga laifinta sosai ba. Tambayarsu ba ta wuce biyu: shekarar ginin nawa, sannan ina banɗaki. Daga nan sai su zarce wurin gunkin dutse na wani jarumi da ke kwance a gefen bagade, hannu a haɗe, hanci a gutsure, ƙafa a kan ɗan karensa, su yi ta shafa kan karen har ya yi sulɓi. Wani mai gajeren wando ya taɓa tambayar ta ko har yanzu ana amfani da wurin.

“Muna ɗan taɓawa,” in ji ta, “in baƙi sun ba mu dama.”

Amma tambayar mai gajeren wandon tana kan hanya. Ranar Lahadi, a cocin da zai ɗauki mutum ɗari uku, masu zuwa ba su kai goma ba, kuma autansu shi ne Cecil Orme mai kaɗa ƙararrawa, wanda tuni ya ba saba'in baya. Da sanyi ya fara ja da baya wakilin bishop, shugaban coci-cocin yankin, ya zo. Ya dubi bangon da ke tsattsafo, ya dubi furfurar da ke kan benci, ya sha shayi, ya yaba kek, ya ce za a duba lamarin. Mu nan in babban mutum ya yaba kek ɗinka sannan ya ce za a duba, to ka shiga uku. Rabaran Miriam Tolley, wadda ke zagaya coci biyar da wata tsohuwar mota, ita ta warware musu zare da abawa: in har bikin girbi ya zo ba a ga sabon iyali ba, ba a ji kukan yaro a ciki ba, za a rufe wurin.

Maganar nan ta hana Prudence sakat, kuma ba don tsananin ibada ba, kada in yi mata ƙarya. Abu ɗaya take so a duniya. Ranar da ta mutu a shigo da akwatinta ta ƙofar kudu, a ajiye shi gaban bagade inda aka ajiye na uwarta da na mijinta Wilfred, Cecil ya kaɗa mata ƙararrawa in yana da sauran kwana. Har waƙoƙin da za a rera ta zaɓa. In ta tuna cewa ana iya kai ta babban gari, a yi mata addu'a a ɗakin jana'izar nan mai kujerun roba inda ake fita da wata gawa ana shigo da wata, sai barci ya gagare ta.

Ana nan, wata Asabar tana goge fitilun tagulla, sai ga wasu sun shigo: miji da mata, da yarinya 'yar shekara huɗu sanye da jan takalmin roba, da jariri a keken turawa. Kallo ɗaya ta yi musu ta san daga sababbin gidajen bakin gari suke, waɗanda ita da kanta ta bi gida-gida tana zuga mutane kada a yarda a gina su.

“Sannu da aiki,” in ji matar, da fara'arta. “Ni ce Bethan Rudge, ga maigidana Callum, ga Elsie. Ana shiga?”

“Ai kun riga kun shiga.”

Ta ajiye tsumma, ta zagaya da su da muryar da take yi wa baƙi, muryar mai karanta haddar da ta gundure shi. Ga jarumi, ga karensa, ga inda masu fasa gumaka suka gutsure masa hanci. Tana yi tana jiran tambayar banɗaki. Shiru ba ta zo ba. Maimakon haka sai Bethan ta tsaya a wurin kaskon dutsen baftisma da ke bakin ƙofa, ta ɗora hannu a gefensa.

“Har yanzu ana yi wa jarirai a nan?”

“In an samu jariran.”

“To ga ɗaya,” in ji Bethan tana dariya, ta nuna keken. “Ni ma a irin wannan aka yi mini, a ƙauyen kakata. Tun da muka tare nake ce wa Callum, kullum muna jin ƙararrawa ba mu taɓa zuwa ba, ai da kunya. Gobe yaushe ake farawa?”

Prudence ba ta zaci wannan tambayar ba. Da ƙyar ta ce da hantsi, in sun ji ƙararrawa.

Kafin magariba labari ya kai wa Rabaran, wadda saura kaɗan ta yi kuka a waya. “Prudence, don girman Allah a lallaɓa su,” in ji ta. “Iyali ɗaya shi ke jawo na biyu. In aka yi baftismar nan ina da abin da zan nuna wa bishop.”

Cecil kuwa da suka haɗu a bakin shago cewa ya yi, “Pru, gobe ki bar fuskar nan a gida ki aro wata.”

“Kai ma ka aro kunne, ko ma ji ƙararrawar ta yi daidai sau ɗaya.”

To, akwai abin da ba a gaya wa baƙo a cocinmu, don ana ganin ya kamata ya zo da saninsa tun daga cikin uwarsa. Kowane benci da mai shi. Ba a rubuta suna ba, ba a sa alama ba, kuma masu yawancin bencin sun daɗe a ƙarƙashin ciyawar waje, amma duk da haka da masu su. Na uku daga gaba, hannun hagu, jikin ginshiƙi inda iskar ƙofa ba ta kaiwa, na gidan su Prudence ne tun kafin a haife ta. A ƙasansa akwai matashin durƙuso da uwarta ta yi wa ado da zare da allura, zomo a cikin alkama, ta gama shi shekarar da idonta ya fara mutuwa.

Ranar Lahadin Prudence ta makara, abin da ba ta taɓa yi ba. Kuma saboda baƙin ta makara, don ta tsaya gasa musu kek na biyu. Ta shigo Cecil yana can yana fama da igiyar ƙararrawa, babu wanda ya tare su a ƙofa ya nuna musu wurin zama. A duk faɗin cocin nan, benci bayan benci babu kowa, ina iyalin Rudge suka zaɓa? Na uku daga gaba, hannun hagu, jikin ginshiƙi. Su ma dai sun ji iskar ƙofar.

Ta tsaya a bakin bencin da jakarta a hannu. Ta yi gyaran murya. A wajenmu wannan daidai yake da a ɗaga gatari, kuma tsofaffin da ke baya duk suka sunkuyar da kai cikin littafin waƙa. Bethan kuwa baiwar Allah ta ɗago da murmushi.

“Ina kwana, Misis Ketteridge. Ga mu mun zo. Elsie, matsa ki ba ta wuri. Zo ki zauna da mu mana.”

Ka ji fa. A yi mata tayin wuri a bencin ubanta.

“A'a, kada ku damu,” in ji Prudence. “Ko kaɗan kada ku damu.”

Ta koma benci na huɗu ta zauna a tsaye, wurin da ba ta taɓa zama ba a rayuwarta. Komai ya karkace. Ginshiƙi ya tare mata rabin bagade, iska tana dukan ƙeyarta, abin da take gani kawai shi ne wuyan Callum da zanen da aka yi masa a fata yana leƙowa daga kwalar riga. Rabaran tana ta washe baki daga kan mumbari, har da cewa yau Allah ya kawo mana baƙi masu albarka. Prudence ta daure. Ta daure waƙar farko, ta daure karatu, ta daure wa'azi. Ta tuna akwatinta da ƙofar kudu, ta ce wa ranta ai yini ɗaya ne.

Sai da aka durƙusa addu'a, coci ya yi tsit, ta hango ta ƙarƙashin benci. Elsie ta gaji da zama ta miƙe tsaye, kuma a kan matashin take tsaye. Jan takalmin nan da ya biyo ta gonar tumaki ya kwaso taɓo, ga shi daram a kan zomon uwarta, yarinya tana ta lilo a kai tana murza dunduniya.

Abin da Prudence ta yi, har gobe ana ba da labarinsa. Ta tashi a tsakiyar addu'a, ta zagayo, ta sunkuya, ta kama gefen matashin ta fizge. Ba da niyyar mugunta ba, wannan na yarda, ita dai matashin take gani ba yarinyar ba. Ƙafafun Elsie suka tafi, haɓarta ta daki katakon gaba, ji kake ƙwas. Ta ɗan yi shiru irin na yaran da ke tara numfashi, sannan ta tsala ihun da ya tada tantabarun hasumiya. Jariri ya farka ya kama mata. Prudence tana tsaye tana kakkaɓe matashi.

“Gafara dai,” in ji ta. “Na mahaifiyata ne.”

Fuskar Bethan ta yi jawur. “Ki yi haƙuri, ba mu sani ba. Don Allah ki yi haƙuri.” Ita da aka fasa wa 'ya haɓa, ita ke ba da haƙuri, don mu haka muke. Callum ya saɓi yarinya a kafaɗa, Bethan ta tura keke, suka ce wa Rabaran da hannu za su ɗan sha iska. Ƙofar kudu ta rufe a bayansu a hankali, don ko buga ta ba su yi ba.

Bayan an tashi aka jera kofunan shayi, har da ƙaramin kofin roba da wata ta kawo don yarinyar. Aka yi ta satar kallon ƙofa. Kek biyu, masu ci ba su kai goma ba, kowa yana cewa yau garin ya ɗan yi sanyi. Cecil ne kawai, da yake kurumta ta cire masa kunya, ya faɗa da ƙarfi kowa yana ji.

“Pru, kin kyauta. Shekara nawa muna roƙon Allah ya kawo yaro cocin nan, ya kawo, kin fasa masa baki.”

“Ai sai su koya mata inda ake sa ƙafa.”

“To ga matashinki nan, sai ki sa shi ya cika mana benci.”

Lahadi ta zagayo, ba su zo ba. Wata ta sake zagayowa. Mu ba ma faɗa, ba ma kai ƙara, ba ma aiko da baƙar magana. Mutum dai ya daina zuwa, in kun haɗu a shago ya gaishe ka fiye da da. Rabaran ta je gidansu sau biyu, aka ba ta shayi aka ce mata ayyuka ne suka yi yawa. Daga bisani ta tari Prudence a farfajiyar coci.

“Ba ni suke jira ba,” in ji ta. “Ke ma kin sani.”

Prudence ta sani. Kuma kada a ce ba ta ji ciwo ba, ta ji. Haɓar yarinyar nan ta tsaya mata a rai, ta yi nadama irin wadda ba ta taɓa yi ba. Ta gasa kek na lemo, wanda ba ta yi wa kowa sai bishop, ta sa hular fita, ta kama hanyar sababbin gidaje. Duk tsawon hanya tana bitar maganar a bakinta, kuma ba doguwa ba ce: na yi kuskure, ku yafe mini, ku dawo, bencin naku ne. Yaro ma zai iya faɗa.

Bethan ta buɗe ƙofa, ta ɗan yi turus, sannan ta saki fuska. “Misis Ketteridge. Kai, har da ɗawainiya? Shigo mana.”

Aka zauna a falo cikin kayan wasan yara. Aka kawo shayi. Prudence ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne bana ruwa ya yi yawa. Bethan ta ce sosai kuwa, kaya ba sa bushewa. Prudence ta sake buɗe baki ta ce masu kwasar shara sun canza rana ba su gaya wa kowa ba. Aka yi zancen shara. Aka yi zancen kwarin da ke cin furanni, da ramin da ke kan hanyar gari. Maganar da ta zo da ita kuwa ta ƙi fita. Elsie ta leƙo daga bayan kujera, da ta ga ko wace ce sai ta koma.

Bethan ma, don Allah ya yi ta mai kirki, har ƙofar maganar ta buɗe mata. Ta ajiye kofi ta ce a hankali, “Haɓar tata ta warke. Ɗinki biyu aka yi mata.” Sannan ta zuba mata ido, tana jira.

Prudence ta dubi kofinta. Tun da take ba ta taɓa cewa na yi kuskure a falon wani ba, balle falon sababbin gidaje, kuma a gidansu an koya mata cewa tono irin wannan magana rashin tarbiyya ne, kek ya isa ya faɗi komai.

“Yara ai ƙarfi gare su,” in ji ta. “Nan da nan suke warkewa.”

“Haka ne,” in ji Bethan. Ta ɗauki kofinta. Can ta ce, “Af, wata mai zuwa za a yi wa jaririn baftisma. A babban gari, wani coci da ke taruwa a zauren makaranta. Ba shi da kyan naku ko kusa, ganga ce da jita da hayaniya. Amma yara suna ta guje-gujensu babu mai cewa komai.”

“Madalla,” in ji Prudence. “Abu ya yi kyau.”

A bakin ƙofa Bethan ta ce kek ɗin ya yi, sai sun leƙo wata rana. Prudence ta ce a kowane lokaci. Dukansu biyu sun san an gama. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, ita kuwa nata har da hular fita ta ɗora a kai ta koma gida.

Bikin girbi ya zo aka jera kabewa da dankali a gaban bagade, babu yaro ko ɗaya. Wakilin bishop ya dawo, ya sake yaba kek. Kafin Kirsimeti aka sanar cewa za a miƙa ginin ga masu adana tsofaffin gine-gine, su gyara rufi, su ja igiyar tare masu kallo, baƙi su ci gaba da shafa kan kare. Ibada kuwa an gama, ta aure da ta mutuwa duka.

Ranar addu'ar ƙarshe, zo ka ga munafunci. Coci ya cika maƙil har da na tsaye. Mutanen da rabonsu da wurin tun auren iyayensu, su ne a gaba da hankici suna sharar hawaye, wai an kashe musu tarihi. Waƙa ta tashi har gilashin taga yana rawa. Benci ɗaya ne kawai da sarari, na uku daga gaba jikin ginshiƙi. Labari ya riga ya zaga gari, ana matsatsi ana tsayuwa a bango amma babu wanda ya yarda ya raɓe shi. Prudence ta zauna ita kaɗai a tsakiyarsa, wuri ya ishe ta har ya yi yawa.

Da aka watse ta tsaya sai da kowa ya fita, sannan ta samu Rabaran a bakin ƙofa ta miƙa mata makulli.

“To ni fa?” in ji ta. “In tawa ta zo?”

Rabaran ba ta yi mata kwana-kwana ba. “A gari za a yi, Prudence. Ni zan yi miki da kaina in ina nan. Waƙoƙinki duk za a rera.”

“Suna da ƙararrawa a can?”

“Ba su da ita.”

Prudence ta gyaɗa kai, ta ce to, ba komai, kada ta damu. Ta koma ciki, ta ɗauki matashin uwarta ta cusa a jakar cefane. Kayan coci ne, ba a fita da shi, ita ce ma ta kafa dokar. Cecil yana tsaye yana naɗe igiyar ƙararrawa, ya gan ta sarai, ya ƙyale ta, don babu wanda zai sake durƙusawa a kai.